Kintaro, Sarkin Ƴan Moto Da Ya Koma Feƙe Fensir



Da yawa cikinmu mun ɗauka zane mai motsi, wanda yaran lakwal ke ce ma desan anime, abin yara ne kawai. Ɓera ya kori mage, mage ta faɗa rijiya, yara su yi dariya. A ƙasar Japan ba haka abin yake ba. Can suna da zanen yara, suna kuma da zanen manya. Magidanci mai furfura yakan sayi littafin zane ya karanta cikin jirgin ƙasa, ba wanda zai dube shi. Littafin zanen suna kiran shi manga. In an mai da shi mai motsi da magana, suna kiran shi anime. Ɗaya daga cikin na manyan nan nake so in ba ku labari. Sunansa Salaryman Kintaro, wato Kintaro ɗan albashi.

Tun yanzu ina jan kunnen iyaye. Wannan ba abin da za a kunna ma yara a waya ba ne, a tafi kasuwa a bar su. Akwai dambe da jini a ciki, akwai shan giya, akwai caca, akwai zancen maza da mata. Don manya aka yi shi.

Wanda ya ƙirƙiro labarin sunansa Hiroshi Motomiya, an haife shi a 1947. Tun 1968 ya yi suna da zanen labaran samari masu taurin kai. Labarin Kintaro ya fara fitowa a 1994 cikin wata mujallar mako-mako mai suna Young Jump. Zubin farko ya kai har 2002, aka tara shi cikin littafi 30. A 1999 aka yi wasan tele da mutane na gaske. A 2001 aka yi zane mai motsi, kashi 20. Shi ne na kalla a waya, kashi ɗaya ko biyu kowane dare, da fassara a rubuce a ƙasan hoton. Har a 2025 an sake yin sabon fim a kan labarin. Ke nan mutanen Japan ba su gaji da shi ba.

Ga yadda labarin yake. Kintaro Yajima shi ne shugaban wata babbar ƙungiyar ƴan moto, aka ce yana da mabiya 10,000. Ba ƴan kabu-kabu ba ne masu neman abinci. Samari ne masu fita da dare cikin gari, su cire abin rage ƙarar moto, su tare hanya, su yi faɗa da wasu ƙungiyoyi, su yi tsere da ƴan sanda. Wata rana Kintaro ya aje wannan rayuwa. Ya yi aure, ya koma bakin teku yana kamun kifi. Matarsa Akemi ta rasu wajen haihuwa, ta bar mashi ɗa namiji, Ryuta. Ana nan sai ya tarar da wani tsoho cikin ƙaramin jirgin ruwa, teku ta tafi da shi. Ya cece shi. Ashe tsohon nan shi ne Morinosuke Yamato, wanda ya kafa wani babban kamfanin gini a birnin Tokyo. Tsoho ya ce a faɗi abin da ake so. Kintaro bai ce kuɗi ba. Ya ce a ba shi aiki a biro, shi ma ya zama ɗan albashi.

Ƴan moton nan ba ƙirƙira ba ne. A Japan ana kiran su bosozoku, ma'anarsa kusan ƙabilar masu gudun ganganci. Suna sa dogayen riguna da aka yi ma rubutu da zare a baya. Lissafin ƴan sandan ƙasar ya nuna sun fi yawa a 1982, lokacin sun kai wajen 42,500. A 2004 aka ƙara tsananta dokar hanya, kama su ya yi sauƙi. Daga 2010 ba su ƙara kai 10,000 ba a ƙasar duka. In kun dubi lissafin nan za ku ga marubucin ya sa gishiri. Ya ba yaro ɗaya kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƴan moton ƙasa baki ɗaya. To, mai ba da labari ba ya rasa ƙari.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wannan: yawancin samarin nan ba su tsufa cikin ƙungiya. In yaro ya kai shekara 20 ko kusa, sai ya sauka. Su da kansu suna kiran haka gama makaranta. Dalili ɗaya shi ne doka, don daga shekara 20 alƙali ba ya duban ka a matsayin yaro. Dalili na biyu shi ne aure da neman abinci. Da yawa sukan koma tuƙin mota, ko gyaran injin, ko aikin ƙarfi a wurin gini. Ke nan tsohon ɗan moto a kamfanin gini ba baƙon abu ba ne. Amma wurinsa ƙasa ne, wajen siminti da ƙarfe. Abin da ya sa labarin Kintaro ya zama labari shi ne ya hau bene. Ya sa kwat da karabat, ya zauna tebur ɗaya da masu takardar jami'a.

Sai kun san yadda biro yake a Japan za ku gane girman wannan. Manyan kamfanoni sukan ɗauki sababbin ma'aikata sau ɗaya a shekara, a watan Afrilu, kai tsaye daga jami'a. A da, in ka shiga, ka shiga ke nan har ritaya. Albashi yana ƙaruwa da yawan shekarunka a wurin. Ƙarami ba ya tashi gida kafin babba ya tashi. Gaisuwa da rusunawa ce, kuma zurfin rusunawa ya danganta da girman wanda kake gaidawa. Takarda ɗaya takan bi tebur-tebur, kowa ya buga hatiminsa, har ta kai sama. In abu ya lalace, hatimi ya yi yawa, ba a san na wa za a kama ba. In an tashi aiki a tafi shan giya tare da shugaba, ko kana so ko ba ka so. Suna ma da kalma ta musamman, karoshi, wato mutuwa saboda yawan aiki. Mutum ya faɗi a teburinsa, zuciya ta tsaya.

Cikin wannan gida aka jefo Kintaro. Ya iya karatu da rubutu, don a Japan shekara 9 ta farko a makaranta tilas ce ga kowa. Amma ba shi da babbar takarda, bai san maganar biro ba, muryarsa kamar ta mai kiran jirgi a bakin ruwa. Shugabannin sashe ba su san inda za su aje shi ba. Korar shi ba ta yiwuwa, tunda tsoho ne ya kawo shi. Sai suka ba shi aikin da suke ganin ya fi kowane ƙanƙanta. Suka ce ya riƙa feƙe fensir.

Nan ne wurin da na fi so a labarin duka. Na mai da shi baya na sake kallo. Nufinsu shi ne ya ji kunya ya tafi da kansa. Mutumin da samari dubbai ke rusuna ma, yau ga shi da tulin fensir a gabansa. Shi kuwa ya zauna ya yi ta feƙewa, ɗaya bayan ɗaya, da natsuwa, kamar maƙeri na wasa lauje. Bai ɓata rai ba, bai yi aikin ganin ido ba. Har mutanen biro suka fara lura da shi.

Ni aikina koyar da manya ne, kuma na san abin da fensir ke yi ma babban mutum. Na ga manomi wanda ke nome gona tun asuba har azahar bai ce wash ba, amma ya riƙe fensir minti goma gumi ya karyo mashi. Ba nauyin fensir ba ne. Nauyin komawa ƙarami ne bayan ka girma, a gaban mutane. A gida shi ne mai faɗa a ji, a aji ga shi yana bin layi kamar ɗan shekara bakwai. Wanda ya jure wannan makon na farko yakan kai ƙarshe. Don haka da na ga Kintaro da fensir, ban ga wasa ba. A ganina jarumtarsa ta wurin nan ta fi duk damben da ya yi daga baya.

Damben kuwa yana da yawa. Ya yi da ƴan daba na manya, waɗanda ake kira yakuza. Ya ɗaga murya ga shugabanni a gaban jama'a. Cikin kamfanin akwai rigima babba. Mai riƙe da kujerar shugabancin yau da kullum, Oshima, tsohon babban ma'aikacin gwamnati ne da aka kawo daga ma'aikatar gine-gine. Yana so ya ture tsoho Yamato ya riƙe kamfanin shi kaɗai. Ma'aikata sun san abin da ke gudana, amma kowa ya yi shiru, don kowa yana da bashin gida da kuɗin makarantar yara. Kintaro ne bai iya shiru ba. Ganin shi ya sa wasu suka tuna su ma suna da baki. Ƙarshe Oshima ne ya sauka.

Wannan ma ba daga iska marubucin ya ɗauko ba. A Japan akwai al'adar da suke kira amakudari, wato saukowa daga sama. Babban ma'aikacin gwamnati in ya aje aiki, sai kamfanin da yake sa ma ido a da ya ba shi babbar kujera. Shi kuma ya riƙa buɗe masu ƙofa wajen tsofaffin abokan aikinsa. Akwai kuma dango. Kamfanonin gini su haɗu a ɓoye kafin a ba da kwangilar gwamnati, su shirya wanda zai ci wannan karon da farashin da za a faɗa. Sauran su kai farashi mai tsada da gangan. Gobe kuma a bar ma wani. Kuɗin talakawa ne ke tafiya. A 1993, shekara ɗaya kafin labarin Kintaro ya fara, asiri ya tonu. Aka kama gwamnan Ibaraki, da gwamnan Miyagi, da magajin garin Sendai, bisa karɓar rashawa daga manyan kamfanonin gini. A 1994 aka kama wani tsohon ministan gine-gine, Kishiro Nakamura. Duk mai karanta Kintaro a lokacin ya san abin da ake nuna mashi. Hannunka mai sanda ne.

Ga kuma halin da ƙasar ta shiga. Shekarun 1980 Japan ta yi kuɗi sosai. Farashin fili da hannun jari ya yi ta hawa, na hannun jari har ƙarshen 1989. Daga 1990 abin ya fashe. Bankuna suka cika da bashin da ba a iya biya. Kamfanoni suka rage ɗaukar samari. A 1997 wani babban gidan hada-hadar hannun jari mai suna Yamaichi, wanda ya shekara 100, ya rufe ƙofa. A 2002 marasa aiki suka kai kashi 5.4 cikin 100, abin da ya girgiza ƙasar da ba ta saba gani ba. Ɗan albashin da ya ba kamfani ƙuruciyarsa, ya yi ta rusunawa shekara 20, sai ya ga alkawarin har ritaya ya fara tsinkewa. Shi ne mai sayen mujallar nan ya karanta a jirgi da safe. Abin da yake so ya faɗa ma shugabansa bai iya ba, Kintaro ya faɗa mashi. Marin da ke cikin zuciyarsa, Kintaro ya yi shi a kan takarda. Ya rufe mujalla, ya gyara karabat, ya shiga biro ya rusuna.

Ko sunan ma da gangan aka zaɓe shi. Kintaro sunan wani yaro ne cikin tatsuniyar Japan, mai ƙarfin tsiya, wanda ya tashi a kan dutsen Ashigara yana kokawa da namun daji, gatari a kafaɗa. Kowane yaro a can ya san shi. Kin na nufin zinariya. Ke nan an ɗauko yaron dawa an sa mashi kwat.

To, amma ina da magana da labarin nan. Ya yi daɗin kallo, sai dai bai gaya mana gaskiya duka ba.

Ana cewa Kintaro ya tuba. Ni na duba, ban ga ya bar hannu ba. Moto kawai ya bari. In magana ta ƙi, dunƙule hannu yake. In abu ya yi tsanani, tsofaffin yaransa na nan, kira ɗaya sun cika titi. Tsoron da ake ji nashi rabinsa daga can baya ya fito. Wato abin da aka ce ya bari shi ne jarinsa. Ba na cewa tuban muzuru ya yi, don zuciyarsa fara ce, ba ya cutar mai rauni, ba ya cin amana. Amma a duniyar gaske ma'aikacin da ya mari wani a biro, washegari yana gida, wataƙila ma yana hannun ƴan sanda.

Sai kuma sa'a. Kintaro duk inda ya juya sai ya taka babban mutum. Tsohon da ya tsamo daga teku mai kamfani ne. Wata tsohuwa da ya yi ma kirki, Kayo Nakamura, ashe hamshaƙiyar mai dukiya ce. Matar da ta so shi har suka yi aure, Misuzu, mai wani gidan shaƙatawa ce a unguwar Ginza, inda manyan ƴan siyasa da attajirai ke zama. Duk lokacin da ya fasa tukunya, akwai mai biya. Labarin yana so mu ce halinsa ne ya jawo su. Na yarda hali na jawo mutane. Amma mutum nawa ne masu hali irin nashi da suka tsamo tsoho daga ruwa, tsohon ya zama talaka ɗan'uwansu, ya yi masu godiya da addu'a, kowa ya kama gabansa?

Na taɓa samun wani saurayi a ajina, ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba. Ya yi zamanin ƙwaya da faɗan unguwa, akwai tabon wuƙa a goshinsa. Ya bari. Shekara biyu bai sake ba. Ya koyi karatu da lissafi, hannunsa ya fi na kowa kyau a ajin. Sai aka buɗe neman mai tsaron wani shago da rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Na kai shi da kaina. Mai shagon ya karɓe mu da fara'a, ya ba mu ruwa, ya duba rubutun ya yaba. Da saurayin ya fita waje, ya ce mani: "Malam, ba don ni ba. In wani abu ya ɓata, ko ba shi ba ne, shi za a ce. Ni ma za a ce na sani na ɗauka." Ban iya ce mashi maƙaryaci ba, don haka mutane suke. An ce hali zanen dutse, kuma da karin maganar nan ake rufe ma mutum ƙofa. Saurayin yana tura baro a kasuwa. Bai koma ƙwaya ba. Wani lokaci in mun haɗu yakan nuna mani ɗan littafin da yake rubuta bashin da ake bin shi da wanda yake bi.

Da na kalli Kintaro shi na tuna. Abin da ya raba su ba ƙarfi ba ne, ba kuma hankali ba. Ɗaya ya samu wanda ya ce: ku ba shi tebur, in ya ɓata ni ne. Ɗaya bai samu ba.

Mutanen Japan su ma sun san wannan, kuma ba su bar shi ga sa'ar teku ba. Tun 1950 suna da dokar wasu mutane da ake kira hogoshi. Mutanen unguwa ne masu mutunci, yawanci dattawa, maza da mata, sun haura 40,000. Ba su da albashi. In an sako mutum daga gidan kaso kafin wa'adinsa ya cika, ko an sa yaro mai laifi ƙarƙashin kulawa, sai a haɗa shi da ɗaya daga cikinsu. Sukan gana kamar sau biyu a wata, sau da yawa a gidan dattijon. A sha shayi, a tambaye shi ina aiki, ina iyali, me ke damun shi. Dattijon ya rubuta rahoto ya kai.

Akwai kuma masu kamfani da suka rubuta sunansu wajen gwamnati, suka ce sun yarda su ɗauki mutum ko da sun san abin da ya aikata a baya. Sun kai wajen 25,000, kuma sama da rabinsu kamfanonin gini ne. Yawancinsu ƙanana ne, ba irin na tsoho Yamato mai dogon bene ba. Gwamnati tana ba su ɗan tallafin kuɗi, tana kuma tsaya masu in wanda suka ɗauka ya jawo hasara. Dalilin haka lissafi ne. Ma'aikatar shari'a ta ƙasar ta gano cewa cikin waɗanda suka sake komawa kaso, wajen 7 cikin 10 ba su da aiki lokacin da suka sake laifin. Wanda ke ƙarƙashin kulawa kuma ba shi da aiki, haɗarin komawarsa laifi ya ninka na mai aiki kusan sau 3.

Kada ku ce can an gama magana. Cikin masu kamfanin da suka rubuta suna, kaɗan ne ƙwarai ke da irin wannan ma'aikaci a hannu. Rubuta suna daban, buɗe ƙofa daban. Dattawan hogoshi kuma suna tsufa, samun masu maye gurbinsu yana wuya. Wanda aka ɗauka ɗin ma, ba tebur ake ba shi a bene ba. Hular kwano ake miƙa mashi da safar hannu, a nuna mashi inda ake sauke ƙarfe, a ce gobe ƙarfe takwas.